Wasan Harbi Da Haske A Kudancin Kaduna: A Yi Lissafi Kafin A Zuba Jari

Duk wanda ya san Barnawa shekaru ashirin da suka wuce, ya kuma ratsa ta a yau da yammaci, zai shaida cewa babu sana'ar da ta bunƙasa a unguwar kamar ta nishaɗantar da jama'a. Gidajen cin abinci da ɗakunan taron biki da gidajen kallon ƙwallon Turai da teburan sunuka da shagunan da yara ke buga PlayStation sun cika ta, sun tsallaka Narayi da Unguwar Television har zuwa Sabon Tasha. Wasu suna daɗewa. Da yawa kuwa kafin fentin allonsu ya koɗe an rufe su, wani ya karɓi hayar ya buɗe wani abu dabam. Sabon abin da masu 'yan kuɗi a hannu suka fara zancensa shi ne wasan nan na harbi da haske, wanda Turawa ke kira leza tag, wanda ya riga ya iso Legas da Abuja.

Ni ba ɗan kasuwa ba ne, kuma ba lissafi nake koyarwa a jami'a ba, harshe na karanta. To amma a cikin 'yan watannin nan sau biyu ana kawo mini takardar tsarin irin wannan kasuwanci don in gyara Turancinta kafin a kai ta banki. Ɗaya daga cikin masu takardun dattijo ne da ke shirin zuba kuɗin sallamarsa na shekara talatin da biyar a aikin gwamnati. Turancin bai ba ni wahala ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne alƙaluman da ke shafin ƙarshe, domin dukkansu biyun sun yi lissafi iri ɗaya: sun ɗauki yawan mutanen da zauren zai iya ɗauka, sun ninka da kuɗin tikiti, sun ninka da kwanakin shekara, suka ga miliyoyi, hankalinsu ya kwanta. Ra'ayina shi ne wannan sana'a za ta iya tsayuwa a kudancin Kaduna, amma a kan siririn layi, kuma idan aka bi lissafin har ƙarshensa zai kai mai shi ga wata magana da ba ta kuɗi kaɗai ba ce, wato maganar kogin da ya raba garin.

Da farko, mene ne wasan? Ana shigar da ƙungiyoyi biyu cikin wani zaure mai duhu wanda aka yanyanka da katangun katako, kowane ɗan wasa sanye da riga mai na'urorin gane haske, riƙe da wata aba mai kama da bindiga. Ba harsashi, ba fenti, ba abin da ke taɓa jiki. Hasken da ke yin aikin ma ido ba ya ganinsa, irin wanda rimot ke aika wa talabijin ne. Jan layin da ake gani yawanci ado ne da taimakon saiti. Idan hasken ya sauka a rigar abokin hamayya, kwamfuta ta rubuta maki. Sojojin Amurka ne suka fara amfani da dabarar wajen atisaye a ƙarshen shekarun 1970, sannan wani mutum mai suna George Carter ya buɗe gidan wasa mai suna Photon a birnin Dallas na jihar Texas a 1984. Yana da kyau masu ɗoki su san cewa kamfanin nan na farko, duk da farin jinin da ya yi da rassan da ya buɗe, bai wuce shekarar 1989 da ransa ba.

Yanzu bari mu yi lissafin. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, mai karatu yana iya sauya su da nasa. Mu ƙaddara an sami zaure mai faɗin mita 20 da tsawon mita 25, an sayi riguna 20. Kowane zagaye minti 15 ne, a ƙara minti 5 na bayani da sauya riguna, wato zagaye uku a awa, mutum 60 ke nan idan an cika. A buɗe awa huɗu kowace yamma daga Litinin zuwa Juma'a, awa goma ranar Asabar, awa shida ranar Lahadi: awa 36 a mako, gurbi 2,160. Idan tikiti naira 2,000 ne, an sami naira miliyan 4 da dubu 320 a mako guda. A nan masu takarduna suka ajiye alƙalami.

Amma fa wa zai zo wasa ƙarfe huɗu na yammacin Talata, ana tsakiyar zangon karatu? Mu ce a ranakun aiki gurbi ɗaya cikin goma ne ke cika, mutum 120 ke nan a kwana biyar. Asabar ta cika rabi, mutum 300. Lahadi kashi 40 cikin ɗari, mutum 144. Jimla 564, wato ɗan sama da rubu'in abin da zauren zai iya ɗauka. Kuɗin mako ya zama naira miliyan 1 da dubu 128, na mako huɗu miliyan 4 da dubu 512. Abin da mai jari ya yi mafarkin samu a mako, sai ya yi wata kafin ya gan shi.

Wannan shi ne bambancin sana'ar da kasuwancin da muka gada. Mai sayar da atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi idan bai yi ciniki yau ba, turminsa na nan gobe, wataƙila ma ya ƙara daraja. Mai gidan wasa kuwa lokaci yake sayarwa, kuma zagayen ƙarfe huɗu da ya wuce da riguna 18 a rataye ya tafi ke nan. Wanda ya fi kowa fahimtar wannan a garin nan shi ne direban haya a tashar Television, wanda ya san fasinja nawa ne kuɗin mai, nawa ne na 'yan kamasho da na mai mota, kuma daga kujera ta nawa nasa ya fara. Bai taɓa jin sunan wannan lissafi da Turanci ba, amma ba ya tada mota sai ya yi shi.

To mu yi na direban. Haya mu ce naira miliyan 6 a shekara, dubu 500 a wata. Ma'aikata takwas, ko da a kan naira dubu 72 da gwamnatin Kaduna ta amince da shi a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 za a biya su, dubu 576 ne. Sai wuta. Rufaffen zaure da mutum ashirin ke guje-guje a cikinsa a watan Maris ko Afrilu ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, don haka mu ce wurin yana jan kilowat 20. A awa 144 na wata, yunit 2,880 ke nan. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin yunit na masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa 225, daga baya aka ɗan sassauta zuwa wajen 210, kuma wutar janareta ta fi haka tsada. Idan aka gauraya biyun, mu sa dubu 800. Masu gadi da gyare-gyare da haraji da talla, dubu 400. An kai miliyan 2 da dubu 276.

Saura abubuwa biyu da babu su sam a takardun da na gani. Na farko shi ne tsufan kaya. Ba a ƙera waɗannan riguna a Nijeriya, da dala ake sayensu. Mu ƙaddara kowace riga da bindigarta da rabonta na kwamfuta dala 1,500 ce, ashirin dala dubu 30. A watan Mayun 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan bai kai miliyan 14 ba. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023 har dala ta haura 1,500 a 2024, kayan nan dai su ne suka koma miliyan 45. A ƙara miliyan 15 na katangu da fitilu da sanyaya ɗaki, jari ya zama miliyan 60. Idan kayan za su yi shekara biyar kafin su gaji, to kowane wata naira miliyan ɗaya ce take narkewa, ko an ware ta ko ba a ware ba. Na biyu shi ne kuɗin bashi. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Wanda ya ranci rabin jarin a kan kashi 30 zai biya miliyan 9 a shekara, dubu 750 a wata. Wanda ya guje wa ruwa ya tafi bankin Musulunci ma zai tarar da ribar da bankin ya ɗora a kan kayan da ya saya masa, kuma ita ma sai ta shiga lissafi.

Jimlar duka naira miliyan 4 da dubu 26 a wata. A raba da naira 2,000, tikiti 2,013 ke nan, kimanin 503 a mako, kafin a ce an mai da uwa. Mu kuwa mun ƙiyasta 564. Ke nan tazarar da ke tsakanin riba da faɗuwa tikiti 61 ce a mako, daidai da awa ɗaya tak da zauren ya cika. Ribar wata naira dubu 486, ta shekara ba ta kai miliyan 6 ba, a kan dukiyar miliyan 60. Don a gane nauyin wannan, a tuna cewa a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma.

Kuma mutanen Kaduna sun san abin da ke iya cinye Asabar guda. An sa dokar hana fita ta awa 24 a cikin garin a Oktoban 2018 bayan rikicin Kasuwan Magani, an kulle gari a Maris na 2020 saboda korona, an sake sa dokar a Agustan 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Ko ba doka, ruwan Agusta kaɗai ya isa. Asabar ɗaya a lissafinmu tikiti 300 ce, naira dubu 600, ta fi ribar watan gaba ɗaya. Wanda bai ajiye kuɗin haya da albashin wata uku a gefe ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba don in karya wa kowa gwiwa na kawo wannan ba. Lissafin da ya nuna ramin shi ne kuma ke nuna inda za a taka. A dubi Asabar da yamma. Idan tsakanin ƙarfe huɗu da bakwai mutum 75 ke zuwa a awa, zauren kuma 60 yake ɗauka, layi zai riƙa ƙaruwa da mutum 15 kowace awa. Ƙarfe bakwai mutum 45 ne a tsaye, na ƙarshensu zai jira minti 45, kuma uban da ya kawo 'ya'ya huɗu ya sha wannan jira ba zai dawo ba. Akwai fanni guda na lissafi a kan layin jira, wanda wani injiniyan kamfanin tarho ɗan ƙasar Denmak mai suna Erlang ya assasa a 1909, amma a nan abin bai kai can ba. A mai da wasan minti 12 a lokacin cunkoso, a yi wa masu jira bayani tun suna waje don sauyin riguna ya koma minti 3, sai a sami zagaye huɗu a awa, mutum 80. An ƙara sulusi ba tare da an sayi riga ko ɗaya ba.

Sai kuma sa'o'in da zauren ke kulle. Haya da albashi da bashi suna tafiya ko an buɗe ko ba a buɗe ba, abin da buɗe awa ɗaya ta safiyar Talata zai ƙara ci shi ne wutar kimanin naira 5,600. Idan wata makarantar kuɗi ta kawo ɗalibai 40 a kan naira 800 kowanne, an sami dubu 32. Mai wurin da ya ce mutuncin gidansa ya wuce tikitin naira 800, ya zaɓi ya zauna da riguna a rataye ke nan. Makarantun kuɗi kuwa ba su da iyaka daga Barnawa zuwa Sabon Tasha, ga kuma reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Barnawa.

Akwai wani ɗan lissafi da ke ba mutane mamaki. Idan kowace riga tana da yiwuwar kashi 5 cikin ɗari ta ƙi aiki a rana, saboda batir ko waya ko ƙurar hunturu da ta toshe idon na'ura, mutum zai ce ai wannan ba komai ba ne. Amma yiwuwar a ce duka ashirin sun tashi lafiya ita ce 0.95 a ninka da kanta sau ashirin, wato kimanin kashi 36 cikin ɗari. Ma'ana, kusan kwana biyu cikin uku akwai aƙalla riga ɗaya a kwance, kayan gyara kuma sai an yi odarsu daga waje. Mai son zagayen mutum 20 sai ya sayi riguna 22 ko 23.

Tsarin zauren kansa ilmin awo ne. Murabba'in mita 500 a raba wa mutum 20, kowa ya sami 25. Daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta mita 32 ne, kuma idan aka bar wannan layi a buɗe, yaro ɗaya mai wayo zai laɓe a lungu ya yi ta ɗauke kowa, sauran su fita da haushi. Aikin katangun shi ne karya dogayen layukan gani. Kowane lungu ya kasance da mafita biyu, don wasa da kuma don ranar da aka yi gobara. Ɓangarorin biyu su zama daidai, ta yadda idan aka juya taswirar kai ya koma ƙafa za a ga abu ɗaya, in ba haka ba cikin mako guda yara za su gano ɓangaren da ke ci, rigima ta koma kan wa zai fara daga can. Farin bango da tayil mai sheƙi suna mai da haske, sai a riƙa cin mutum ta bayan katanga, shi ya sa ake shafa baƙin fenti marar ƙyalli. Hasken rana kuma yana ɗauke da irin hasken da na'urorin ke ganewa, don haka taga abokiyar gaba ce.

Amma kowace katanga da aka ƙara ta ƙara wurin da idon mai kula ba ya kaiwa. A 1975 wani masanin lissafi mai suna Chvátal ya tabbatar da cewa zaure mai kusurwa goma sha biyu, komai karkacewarsa, masu gadi huɗu sun isa su ga ko'ina a cikinsa, wato sulusin yawan kusurwoyi. Idan aka dasa katangu a tsakiya adadin yana ƙaruwa. A ganina wannan ba ƙaramar magana ba ce a garinmu. Babu uba, Musulmi ko Kirista, da zai bar 'yarsa ta shiga ɗaki mai duhu da samari, sai idan yana zaune a waje yana kallon kowane lungu a allon talabijin. Kuɗin kyamarori kuɗin sayen amincewar iyaye ne, iyaye kuma su ne ke biya.

Yanzu ga maganar kogi. Tikiti 503 a mako, idan kowane baƙo yana buga zagaye biyu, ziyara 250 ce. Idan mutum yana dawowa sau ɗaya a wata biyu, ana bukatar mutum 2,000 daban-daban da suka mai da wurin nasu. Ziyara ɗaya naira 4,000 ce ban da kuɗin Keke Napep da lemo, fiye da ladan kwana ɗaya da rabi na mai ƙaramin albashi. Idan matashi ɗaya cikin hamsin ne ke da wannan hali da wannan sha'awa, sai an jawo daga cikin matasa dubu 100. Suna ina? Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, ta 2023 an ɗage ta. A waccan ƙidaya ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu ta ɗan haura mutum dubu 400, Chikun da Kaduna ta Arewa kowacce ta haura dubu 350. Har ma sunan yana ruɗar baƙo, domin Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badiko suna cikin Kaduna ta Kudu alhali suna wancan ƙetaren kogi, Narayi da Sabon Tasha kuma na Chikun ne.

Kowa ya san yadda garin ya koma bayan rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayun 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011: Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kirista suka tattara kudancinsa, sai 'yan unguwanni irin su Barnawa da Kakuri da Makera da suka ci gaba da zama a gauraye. Yaran da aka haifa bayan 2000 da yawansu ba su taɓa wasa da sa'o'insu na wancan ƙetare ba. Mai gidan wasa yana iya cewa wannan ba damuwarsa ba ce. Littafin cinikinsa zai ce masa damuwarsa ce. Kalandar ɓangarorin biyu tana cike gurbin juna. Safiyar Lahadi kudu tana coci, matasan arewa suna hutu. Alhamis da Juma'a da yamma yaran Islamiyya ba su da karatu, kuma a Janairun 2022 makarantun gwamnatin jihar suka koma karatun kwana huɗu a mako, bin tsarin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ɓullo da shi ga ma'aikata a Disambar 2021; tsari irin wannan yana mai da Juma'a rabin Asabar. A watan azumi ciniki zai ja baya, amma ba zai mutu ba idan akwai waɗanda ba sa azumin. Uwa uba bukukuwa. Makon biki da zauren ya cika kashi 70 cikin ɗari zai kawo naira miliyan 3, ƙarin kusan miliyan 1 da dubu 900 a kan mako na yau da kullum. Wanda ya tsaya ga Kirsimeti da Sabuwar Shekara da Ista ya bar Sallah biyu, ya yar da kusan miliyan 4, kashi biyu cikin uku na ribar shekarar da muka lissafa.

Wannan ne ya sa zaɓen wuri ya fi zaɓen kaya muhimmanci. Idon mutane yana kan manyan ɗakunan ajiya na Kakuri, kuma da dalili. Tun da masaƙar KTL, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1957, ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, gine-gine masu dogon rufi suke zaune a can, mita 500 kuma ɗan lungu ne a cikinsu. (Kada dai wani jami'i ya ce mana gidan wasa mai ma'aikata takwas ya maye gurbin masaƙun da suka ciyar da dubbai.) Amma arhar haya ba ta da amfani idan uwa a Unguwar Rimi ba za ta yarda ɗanta ya kai ƙarfe takwas na dare a wurin ba. Sabuwar gadar da ta haɗa Kabala Costain da titin Aliyu Makama a Barnawa ta rage nisa ƙwarai, kuma ni da zan zaɓa, da na biya haya ninki biyu a kusa da bakin gada. Ƙarin dubu 500 a wata tikiti 63 ne a mako, mutum goma sha biyar kowace Asabar da Lahadi masu buga zagaye biyu sun kusa biyan shi.

Idan an samu sun ƙetaro, sai a kula da yadda ake raba su. Wani Bature mai suna Lanchester ya nuna a 1916 cewa a musayar wuta daga nesa ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta a ninka da kansa, wato 12 da 8 ba ratar huɗu ba ce, 144 ce da 64. A wasan da wanda aka ci yake dawowa bayan 'yan daƙiƙoƙi ƙa'idar ba ta zauna daram ba, amma darasinta yana nan: ƙaramin rashin daidaito yana zama babban rinjaye. Kwamfutar wurin tana riƙe da makin kowa, don haka ana iya ba kowane ɗan wasa daraja irin tsarin Elo da hukumar darar Turawa ta duniya ta ɗauka a 1970, a bar na'ura ta raba ƙungiyoyi daidai wa daida. Abin da ba zan so in gani ba, ko da wasa, shi ne allo a ƙofa an rubuta Tudun Wada da Sabon Tasha za su kara da bindiga. Raba yara da lamba ya fi raba su da unguwa, ga wasa ga ciniki.

Haka nan batun kamannin kayan. A Afrilun 1987 wani ɗan sanda a jihar Kalifoniya ya harbe wani saurayi har lahira da dare, saboda ya ɗauka bindigar wasa ta Lazer Tag da ke hannunsa ta gaske ce. Idan haka ta faru a can, mai karatu ya ƙiyasta abin da zai faru a garin da ke da shingen jami'an tsaro da 'yan sintiri a kowace unguwa. Kayan su zama masu launin rawaya ko kore, kada su yi kama da makami, kada ko ɗaya ya fita ƙofa, kuma ofishin 'yan sandan yankin ya san da wurin kafin ranar buɗewa.

A matsayina na ɗalibin harshe, sunan ma ina da magana a kansa. Hausa ba ta tsoron kalmar kisa a fagen wasa. A dambe idan mutum ya kai ƙasa cewa ake yi an kashe shi, kuma ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Sai dai kisan dambe ba ya tuna wa kowa daren da ya gudu da 'ya'yansa zuwa bariki. Kalmar Turancin kanta taɓawa take nufi, irin ta wasan yara na bi-ni-in-taɓa-ka, ba harbi ba. Da za a tambaye ni, da na ce a kira shi langar haske, a ce an taɓa ka ko an ci ka, tunda langa ma ƙungiya biyu ce da ke kare nata tana farautar na wasu.

Abin da ya rage shi ne alƙaluman gaskiya da za su maye gurbin nawa na misali, kuma ba a ofis za a same su ba. Mai niyya ya ɗauki littafi ya zauna Asabar huɗu a jere a wuraren wasan yara da ke akwai a Barnawa da Dandalin Murtala da Gamji, ya ƙirga masu shiga awa-awa, ya tambayi daga inda suka zo da abin da suka kashe. Ya je makarantu goma ya ji nawa ne za su sa hannu a kan ziyara ɗaya kowane zango. Ya tambayi mai gidan da zai haya awa nawa ake samun wuta a layin, sannan ya tambayi mai walda na kusa don ya ji amsa ta biyu. Idan ƙidayarsa ta ba shi tikiti 400 a mako maimakon 503, to zauren riguna 12 a kan rabin filin ne daidai da shi, sai ya sake lissafin daga haya.